Alfindiki ya rage suna: me ya sa baƙon Kano ba ya samun tsohon masaukin da zai kwana?

Wata ƙaramar salla, 'yan shekarun baya, wani abokina malamin makaranta ya taso daga Yamai domin ya ga Hawan Daushe da idonsa. Tun yana hanya ya kira ni ya ce, "Malam, don Allah kada ka kai ni otal ɗin nan mai tayil da gilashi, irinsa muna da shi a gida. Ka nemo mini tsohon wuri, inda fatake suka taɓa kwana." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, Kano fa ya nufo. Sai da na ajiye waya na fara lissafi, na ga ba ni da inda zan kai shi. Da rana ba matsala: ga Gidan Makama, ga Dala, ga Kurmi, ga marinar Ƙofar Mata. Amma da zarar an yi isha'i, dole in fito da shi bayan badala, in kai shi ginin siminti da bai girmi 'ya'yanmu ba.

Tun daga ranar abin yake cina. Garin da saukar baƙi ta gina shi, garin da ayari ya yi ɗaruruwan shekaru yana sauke kaya a ƙofofinsa, a ce ba shi da ɗaki ɗaya da za a nuna wa matafiyi a ce masa, nan wane ya kwana, kai ma ga tabarma. Amsar da aka saba bayarwa ita ce ba mu iya adana tarihi ba. Wannan amsa ta yi arha. Akwai dalilai da suka fi haka zurfi, wasu ma abin alfahari ne, wasu kuma laifinmu ne tsagwaronsa.

Sai mu fara da abin da ke sa a kira masauki mai tarihi, domin ba tsufan bango kaɗai ba ne. A ƙasar Japan akwai wani masauki da ake kira Keiunkan, a gefen wata maɓuɓɓugar ruwan zafi, wanda ya fara karɓar baƙi a shekarar 705, lokacin Hijira ba ta cika shekara ɗari ba. Ginin da ke wurin yau ba na wancan zamanin ba ne, an sha sabunta shi. Abin da ya tsufa shi ne aikin: gida ɗaya ya riƙe shi, uba ya ba ɗa, har zuriya 52. Wani wurin kuma abin da ya faru a cikinsa ne ya ba shi daraja. Mena House da ke gindin dalar Giza a Masar an gina shi a 1869 domin mai mulkin ƙasar ya riƙa sauka idan ya fita farauta, ya koma otal a 1886, kuma a nan shugabannin Amurka da Ingila da Sin suka yi taronsu na 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Pera Palace na Istanbul an gina shi a 1892 saboda fasinjan jirgin ƙasa da ke zuwa daga Faransa, kuma har yau ɗaki mai lamba 101, inda Ataturk, wanda ya kafa Turkiyya ta zamani, ya saba sauka, an bar shi a matsayin ɗakin tarihi, sauran ɗakunan ana kwana a cikinsu. Akwai kuma wuraren da asalinsu ba masauki ba ne, fada ce ko gidan attajiri ko gidan ibada, aka ga maimakon a bar su su zube gara a sa gado a ciki, kuɗin baƙo ya riƙa biyan gyara. Gwamnatin Sifen ta fara wannan dabara a 1928, yau tana da irin waɗannan masaukai kusan ɗari.

To, a dukkan ma'aunan nan Kano tana da abin ɗorawa. Matsalar tana wani wuri.

Mu koma zamanin ayari. Bafatake ba ya tafiya shi kaɗai. Madugu ne ke jan ayari, shi ya san hanya, shi ke sasantawa da masu gari kan fito da kuɗin wucewa, kuma tafiyar a yanke take zango zango, gwargwadon abin da jaki da takarkari za su iya ci a yini. Kalmar zango ta yi tafiyar da ta fi ta fataken kansu: a Kumasi da Akara har gobe unguwar baƙi Musulmi sunanta Zango. A nan gida kuwa, sunayen unguwanninmu kaɗai sun isa shaida. Ga Zango, ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa, ga Dandalin Turawa, tun lokacin da Bature yake nufin Balarabe, mutanen Gadamas da Tarabulus. Fagge a bayan ganuwa matsayar masu raƙuma ce. Sannan ga Alfindiki, wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci funduƙ, wato masaukin 'yan kasuwa, kalmar da Larabawa ke kiran otal da ita har yau. Muna da unguwa guda sunanta otal, muna wucewa ta cikinta kullum ba mu ji ba.

Yawan baƙin ma ba na wasa ba ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851, ya sauka a wajen Dala. A ƙiyasinsa mazauna birnin sun kai dubu 30, amma idan rani ya yi, fatake suka cika gari, adadin yakan ninka. Ka tsaya ka auna wannan: gari ya ɗauki baƙi daidai da yawan mutanensa, na tsawon watanni, ba tare da otal ko ɗaya irin wanda muka sani ba. Ina suke kwana?

Gidan fatoma. Nan ne zuciyar maganar, kuma nan nake so a daɗe.

Fatoma, ko mai gida kamar yadda aka fi cewa a wasu kasuwannin, ba mai hayar ɗaki ba ne. Idan bafatake ya iso da huhun goro daga Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, ko kanwa da gishiri daga arewa, ko ya zo sayen turkuɗi da ƙirgi, gidan fatomansa yake nufa kai tsaye, sau da yawa gidan da mahaifinsa ya saba sauka. Za a ba shi ɗaki a soro ko shago, a kawo masa tuwo daga cikin gida, a ɗaure dabbobinsa, a kulle kayansa a ɗakin ajiya. Idan ba ya jin Hausa, fatoma ne tafintansa. Shi zai haɗa shi da dillali, shi zai gaya masa wane a Kurmi ana ba shi bashi, wane kuwa sai kuɗi hannu. Idan aka sayi kayan baƙo bashi, fatoma ne ke tsayawa, in mai saye ya gudu shi zai biya. In baƙo ya kwanta ciwo gidan ne zai yi jinya, in ya rasu gidan ne zai yi masa sutura, ya riƙe dukiyarsa amana har magada su zo. A duk wannan ba a cewa kuɗin ɗaki kaza ne a kwana. Ribar fatoma tana cikin la'ada, idan ciniki ya faɗa.

Ma'ana, aikin da yau aka rarraba wa otal da banki da kamfanin inshora da ofishin jakadanci, mutum ɗaya ne ya haɗa shi a zaurensa. Jarinsa amana ce, kuma amana ba ta da harsashin da za a tono. Shi ya sa idan fatoma ya rasu, kasuwar ta juya, gidan yakan koma gidan zama kamar kowane gida a lungun, ba allo, ba alama. Masaukinmu mutum ne, ba gini ba. Wannan shi ne dalili na farko, kuma ni ban ɗauke shi abin kunya ba. Al'ummar da take cewa baƙonka annabinka, wadda ta tashi da karantarwar cewa liyafar baƙo kwana uku ce, ba za ta yi saurin mayar da kwana haja ba. Ragowar tsarin ma bai mutu ba: a kara wurin cinikin dabbobi, a kasuwar goro ta Mariri, a Dawanau, har yanzu baƙon ɗan kasuwa yana da mai gidan da yake sauka a hannunsa.

Amma a kwatanta da yadda sauran garuruwan Musulmi suka yi, sai a ga abin da ya kuɓuce mana. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa kasuwar Kurmi, ya rasu a 1499. Shekara biyar bayan haka Sarkin Masar Alguri ya fara gina wakalarsa a Alƙahira: katafaren gini na dutse, tsakar gida a tsakiya, ƙasa wurin ajiye kaya, sama ɗakunan kwanan 'yan kasuwa. Tana nan tsaye har yau. A birnin Isfahan na Iran akwai otal ɗin Abbasi, wanda asalinsa zangon ayari ne da aka gina kimanin shekara 300 da suka wuce, domin kuɗin da yake samarwa ya riƙa ciyar da makarantar da ke maƙwabtaka da shi. A shekarar 2023 hukumar UNESCO ta sa zangunan ayari 54 na ƙasar Iran cikin jerin kayan tarihin duniya. Dutse da jan bulo sun taimaka wa waɗannan gine-gine, ba shakka. Sai dai abin da ya fi dutse riƙe su shi ne waƙafi. Ginin da aka yi waƙafinsa ba a sayarwa, ba a rabawa gado, kuma cikin sharuɗɗansa akan ware kuɗin gyara. Mu a nan, masallaci da maƙabarta da rijiya muka fi sani da waƙafi. Gidan fatoma dukiyar mutum ce, ranar da ya rasu ta zama gado.

Gado kuwa kowa ya san yadda yake yi da babban gida. Mutum ya bar 'ya'ya ashirin da mata huɗu, gida ɗaya. Ko a yanka shi gunduwa gunduwa, kowa ya ja katangar bulo a rabonsa, ko a sayar a raba kuɗi. Ba laifin shari'a ba ne, haƙƙi ne da Allah ya yanka wa kowa, kuma shari'ar da ta zo da rabon gado ita ce ta zo da waƙafi. Mu ne muka ɗauki ɗaya muka bar ɗaya. Wanda zai sayi tsohon gida kusa da kasuwa kuwa ba soron yake so ba, filin yake so. Kafin damina biyu ka ga shaguna hawa uku.

Sai maganar ƙasa. Ginin tubali ba ragon gini ba ne kamar yadda 'yan zamani suke ɗauka. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, shekara ɗari tara ke nan, kuma abin da ya ci yawancinta ba ruwan sama ba ne, mu ne. Soron da gwanin magini ya ɗaure da azarar giginya, wadda gara ba ta ci, ya tayar masa da bakan gizo, ya shafe shi da makuba, ya yi wa rufinsa laso, zai yi shekaru aru-aru. Da bazara ka shiga ka ji sanyi kamar randa, da hunturu ka ji ɗumi. Sharaɗinsa ɗaya ne: yana son hannu. Kafin damina a duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Ka yi masa sakaci shekara uku, ruwa ya sami hanya, shi ke nan. A da wannan aikin gida ne, kowa ya san lokacinsa, magina suna nan a kowace unguwa ƙarƙashin Sarkin Magina. Yau 'ya'yan magina da yawa sun koma ɗora bulo, domin nan aikin yake. Shi kansa laso da katsin marina ake haɗa shi, to marina nawa suka rage suna aiki? Sana'o'in nan a sarƙe suke, in ɗaya ta faɗi sai ta ja 'yar'uwarta. Shi ya sa na yarda da dabarar mayar da tsohon gida masauki: gidan ƙasa ba ya rayuwa in ba kowa a ciki, kuma kuɗin baƙo goma a wata ya isa ya riƙe magini.

Zuwan Turawa ya zo da wani sabon salo, ya kuma bar mana wani tabo da har yau bai goge ba. Sun ci Kano a Fabrairun 1903. Dogo ya iso a 1911, gyaɗa ta zama sarauniya, ayarin Tarabulus ya mutu a tsaye. Sabbin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo ba a cikin birni aka sauke su ba. An yanka wa Turawa Nasarawa da Bompai, Kwara, wato 'yan kasuwar Lebanon da Siriya, suka kafa kantunansu a wajen Fagge, aka buɗe Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Jami'in mulki idan ya fita rangadi a bariki yake sauka. Giya an hana ta a cikin birni, an bar ta a can. Saboda haka tun ranar farko masaukin da ake biya kuɗi a kwana ya tashi a bayan ganuwa, a unguwannin da Bakano yake ganin ba nasa ba ne, tare da mashaya. Duba yadda kalmar bariki ta rikiɗe: daga wurin saukar jami'i ta koma zaman bariki, ɗan bariki, matar bariki. Otal ya gaji wannan suna. Har kwanan nan dattijon cikin gari idan aka ce an ga ɗansa a otal, ba zai tambayi taron me ake yi ba. Kuma mai kuɗin da zai gina masallaci da alfahari yakan ji nauyin a ce shi ne mai otal.

Wannan ya sa ba mu taɓa ɗaukar otal a matsayin abin da ya shiga tarihin gari ba, ko da tarihin ya shiga cikinsa ya zauna. A watan Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, tafiyar da ake ɗauka ita ce ta farko da jirgin sama ya yi zuwa ƙasar Nijeriya. Filin jirginmu, wanda yau ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, ya fara aiki a 1936, ya girmi kowane fili a ƙasar nan. Shekaru da yawa jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka a nan suke yada zango su sha mai. Kano ta sake zama zango, wannan karon na sama. Maniyyata daga ko'ina a Afirka ta Yamma, waɗanda kakanninsu suke bi ta nan a ƙafa su ratsa Barno da Sudan, suka koma tashi daga nan. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai masu ƙetaro Sahara da mota ta Agadas da Damagaram a sansanin masu yawon buɗe ido na titin Bompai suke kafa tanti, kusa da otal ɗin Central, ɗaya daga cikin tsofaffin otal-otal na garin da suka rage. Matuƙa jirgi nawa, 'yan siyasar jamhuriya ta farko nawa, 'yan kasuwar gyaɗa da fata nawa suka kwana a wannan yanki? Da a wata ƙasa ce, da rajistar baƙin waɗannan shekaru tana cikin gilashi, da hotuna a bango. Mu idan an tashi gyara, abin da aka fara fitarwa shi ne tsofaffin takardu da tsofaffin kujeru, domin a nuna an waye.

Labarin da ya fi ci mini rai shi ne na otal-otal ɗin gwamnati. Audu Bako, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya yi tunani mai nisa a wannan fanni. A zamaninsa aka yi madatsar Tiga, aka yi otal na bakin tafkin Bagauda, aka yi na kan dutse a Tiga, aka yi Magwan, kuma daga wannan yunƙuri ne Daula ta fito a kan titin Murtala Muhammad. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya san me ake nufi da a ce taro a Daula ne. Na Bagauda ya koma reshen makarantar horar da lauyoyi, to ko ba komai ginin yana da mai shara. Daula kuwa ta yi ta lalacewa a hannun gwamnati bayan gwamnati, daga baya aka ba 'yan kasuwa filin suka tayar da sabon gini, sannan a watan Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta sa katafila ta rushe abin da aka gina. Wa ke da gaskiya a wannan rigima, maganar kotu ce da 'yan siyasa. Abin da ya shafe ni shi ne duk ɓangarorin a kan fili suke jayayya, ba wanda ya tsaya a kan Daula ita kanta. Kaduna ma haka ta yi asarar otal ɗin Durbar da aka gina domin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC na 1977, aka rushe shi a 2020. Otal sai ya kai shekara hamsin, sittin, sannan yake fara zama tarihi. Mu dab da waɗannan shekarun muke kashe namu, lokacin da ya tsufa bai kai ga daraja ba tukuna.

Dalilin lalacewar ba ɓoyayye ba ne. Otal ɗin gwamnati manajansa naɗi ne, jami'ai su kwana su ci su sa hannu a takarda, kuɗin ba ya fitowa, ribar da aka samu ta tafi baitulmali, kuɗin gyara kuma sai an jira kasafi. Famfo ɗaya ya lalace a rufe ɗakin, gobe a ciro na wani ɗakin a gyara wani. Gidan da ba shi da mai gida ke nan, kishiyar gidan fatoma ta kowace fuska.

Ba sai mun je Sifen neman misali ba. Agadas ga ta nan, garin ƙasa irin namu, abokiyar cinikinmu tun zamanin ayarin gishiri. Daura da babban masallacinsu mai doguwar hasumiya akwai wani gida da aka gina a zamanin Kawusan, jagoran Abzinawan da ya yaƙi Faransawa a 1916 zuwa 1917. An mayar da shi otal, baƙo yana hawa rufinsa ya zauna yana kallon hasumiya. Gidan da Barth ya sauka a 1850, kafin ya ƙaraso Kano, suna nuna shi har yau. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin UNESCO a 2013. Ganuwar Kano da abin da ke kewaye da ita tun 2007 suke cikin jerin jiran tantancewa, kuma kowace shekara abin da za a tantance ɗin raguwa yake yi. A Fas da Marrakesh na Maroko ma tsofaffin gidajen attajirai da ke cikin lunguna, inda mota ba ta shiga, su ne yau masaukan da baƙi suke rububi.

Na san abin da mutumin cikin gari zai ce, domin an faɗa mini a fuska: ba za a kawo mana otal tsakiyar gidajen aure ba. Yana da gaskiya, kuma duk wanda ya raina wannan magana bai san garin ba. Amma ba otal na bariki ake nufi ba. Gidan Bahaushe tun asali an tsara shi domin wannan matsala: zaure, sannan ƙofar gida, sannan shigifa, kafin a kai cikin gida. Baƙo yana da iyakarsa, ginin ma ya gaya masa. Masaukin da iyali ke riƙe da shi, mai unguwa ya san da shi, ba giya, ba shige da fice na banza, an san wanda ya shigo da wanda ya kawo shi, wannan ai gidan fatoma ne aka sa masa rasit. Kuma kada a ɗauka Turawa ake jira. Masu zuwa Kantin Kwari daga Nijar da Chadi da Kamaru, masu zuwa Maukibin Ƙadiriyya da Mauludi, masu bincike a jami'o'i, 'ya'yan Kano da aka haifa a Legas ko Landan waɗanda ba su taɓa kwana ƙarƙashin azara ba, 'yan kallon hawan salla da UNESCO ta amince da shi cikin al'adun duniya a 2024, duk baƙi ne masu neman wurin kwana.

Wahalar gaskiya tana wajen aikin. Baƙon yau yana son banɗaki a ɗaki, ruwa kuwa shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa, bututu ɗaya ya yi yoyo a cikin bango ya isa ya kayar da soro. Dole banɗaki ya zama gini dabam da aka jingina, ko a bi da bututu a fili inda ido zai gani. Shafa wa bangon ƙasa siminti, wanda mutane suke ɗauka gata ne, kashe shi yake yi, domin yana tsare danshi a ciki har bangon ya ruɓe. Ga wuta, wadda sola ta rage wa kaifi. Ga kwata da shara a lungu, waɗanda mai gida ɗaya ba zai iya musu shi kaɗai ba. Ga takardun gida, domin yawancin gidajen cikin birni ba su da shaidar mallakar da banki zai karɓa. A nan ne gwamnati take da aiki, ba wajen gina otal ba: ta yi rajistar tsofaffin gidajen da suka cancanta, ta hana rushe su, ta sauƙaƙa wa mai riƙe da su haraji, ta ɗauki nauyin koyar da yara aikin magina. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909, yana tsaye ne saboda hukumar tarihi da al'adu tana ciki, ana shiga ana fita. Attajiranmu kuma, masu neman sadaka mai gudana, ga ƙofa: a sayi gidan gado a biya magada haƙƙinsu cif, a yi waƙafinsa, kuɗin masauki ya riƙe gini ya kuma ciyar da makarantar allon unguwar, kamar yadda aka yi a Isfahan.

Shi kuwa abokina na Yamai, a ƙarshe gidan kawuna na kai shi, can cikin gari. Kakanmu fataucin goro ya yi, kuma akwai wani soro a ƙofar gida da tun muna yara ake kira ɗakin baƙi, ko da yake mun tashi mun tarar da buhunan gawayi a ciki. Aka fitar da su, aka share, aka shimfiɗa darduma da katifa. Kawu ya leƙo da kansa ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da wurin, ba fanka." Baƙon ya ɗaga kai yana kallon azara, ya ce, "Baba, ai wannan na zo nema." Kwana huɗu ya yi. Da asuba ya bi kawu masallaci, da safe a aiko masa da koko da ƙosai daga cikin gida, da dare su zauna a zaure kawu yana ba shi labarin hanyar Gwanja kamar yadda ya ji daga mahaifinsa, har da sunayen zangunan da ake kwana. Ni kaina rabin labaran nan ban taɓa jin su ba sai a wannan zama.

Kawu ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙansa. Magada goma sha ɗaya ne, kuma wani mai son gina shaguna ya riga ya yi tayi. Na je da wani tsohon magini ya duba mini soron, ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya da sandarsa, ya ce ba wadda ta motsa, yaɓe kawai yake so kafin ruwa ya sauka. An sa ranar zaman magada bayan salla.